Jan Fenti a Rufin Inna

Ana gobe bikin kallon wata, tsohuwa ta jingina tsani, ta haye rufin gidanta da bokitin jan fenti.

Maƙwabcinta mai shayi ya leƙo. "Inna, sauko kar ki karye! Ke ma haukan zuwa wata ne? Gwamnati ta ƙone dukiya a sama, ga gadarmu tana ruɓewa."

Ta ci gaba da shafa fentinta. A al'ada, daren bikin na nesa da na gida duk wata suke kallo, idanu su haɗu a can. Bana kuwa 'yarta, 'yar sama-jannati, tana can kan watan.

"Ai ba za ta hango rufinki ba!"

"Na sani," in ji ta, ta sake tsoma buroshi. "Amma nan za ta duba."