Abin da Ke Ƙarƙashin Fiffike

Da tabarau a kan hanci da tsinke a hannu Ladan ya yini ranar Asabar, yana ɗiga fenti a wutsiyar wani jirgin yaƙi da bai fi tsawon ludayi ba. Ma'aikacin gwamnati ne a Abuja, yana haya a unguwar Bagama ta Suleja, amma in ka tambaye shi aikinsa sai ya gyara murya ya ce shi mai binciken jiragen yaƙi ne. Ofis kuwa wurin shan iska ne kawai.

Suna da ƙungiya ta masu haɗa ƙananan jirage na roba da katako, kuma duk shekara sukan baje kolinsu a wani zaure cikin Suleja. A nan aka yi masa abin da ya kasa haɗiyewa. Bara waccan ya kai jirginsa na farko, samfurin MiG ƙirar Rasha na zamanin yaƙin basasa. Titus, wanda ya saba lashe gasar, ya ɗaga shi ya jujjuya, ya ce, "Oga Ladan, wannan jirgi ne ko tarwaɗa?" Zaure ya kaure da dariya. Ladan ya dawo gida ya yi jifa da shi a bola har fiffike ɗaya ya tsage, sai dai sunan bai bi jirgin bola ba. Tun ranar 'yan ƙungiya ke ce masa Mai Tarwaɗa, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai.

Saboda haka ya ɗaura ɗamarar wanke kansa. Ya karanta littattafai, ya bi shafuka, ya ƙarar da data kamar ruwan famfo, har Allah ya haɗa shi da wani hoto a shafin tsofaffin hotuna na Facebook. Baƙi da fari ne, dishi-dishi. Ga MiG a ƙasa, ga wani ƙaton dutse can baya, an rubuta "lokacin yaƙi". Babu littafin da ke da shi.

Hoton ya saɓa wa littattafan ma. Hancin jirgin ya fi faɗi, wutsiyar ta fi tsawo, sannan a ƙarƙashin fiffiken hagu akwai wani siririn abu mai tsini da babu wanda ya taɓa ambata. Ladan bai ɓata lokaci ba ya yanke hukunci: makamin sirri ne, masu rubuta littattafai kuwa ji suka yi, ba su gani ba. Dutsen ma ya gano shi, wai tsaunukan gabas ne. A cikin bas yake wannan nazari kullum safiya, kansa a kan waya, har a wuce dutsen Zuma bai ɗago ba.

Ya auna, ya sassaƙa, ya goge. Duk abin da hoton ya nuna sai da ya kwafe shi daidai wa daida, har da makamin.

Da matarsa Mansura ta leƙo ta ga sabon jirgin, sai ta karkata kai. "Baban Jannat, ni kam kamar na taɓa share ƙurar wannan."

"Ke yaushe kika je Rasha?" in ji shi. Ta koma kicin.

Saura kwanaki a yi baje koli ya saki saƙon murya a zauren ƙungiya, doguwar lacca kan makamin sirri da jahilcin wasu da bai kama suna ba. Titus ya ce bai yarda da hoton ba. Ladan, da zuciya ta ɗebe shi, ya rantse a gaban kowa: in hoton nan ba na filin daga ba ne, ya bar wa Titus duk jiragensa, kuma kada a sake ganinsa da gam a hannu.

"No wahala," in ji Titus. "A buga shi babba, mu gani da ido."

Suka haɗu a shagon Ghali mai hoto, kusa da babbar kasuwa. Shago ne ɗan tsukuku, kantarsa cike da motocin roba da bindigogin wasa da ake riƙa wa yara in za a ɗauke su hoton Sallah. Ladan ya zo da sabon jirgin a kwali, ya fito da shi a hankali ya girke kan tebur, yana kallon Titus a ɗage. Ko Titus sai da ya matso ya ƙare masa kallo, don aikin ya yi kyau. Ladan ya ji daɗi har cikin ransa. Ya miƙa wa Ghali waya, ya ce, "Ka bi shi a hankali, wannan tarihi ne."

Ghali ya dubi hoton, ya dubi jirgin kan tebur, sai ya fashe da dariya. "Kai, Alhaji, har abin nan ya iso gare ku? Wallahi ban taɓa samun mabiya irin na ranar da na saka shi a Facebook ba. Sai da na kwanta rub da ciki a bakin titi gaban dutsen Zuma kafin ya fito haka."

Ladan bai gane ba. Titus kuwa ya fara murmushi.

Ghali ya hau kujera, ya lalubi bayan motocin roba, ya sauko da abin da ya ce ya tsinta a bolar Bagama. Ya hure ƙurar, ya ajiye shi gefen sabon kamar tagwaye: tarwaɗar Ladan ce, da murfin biro manne a ƙarƙashin fiffiken hagu yana riƙe da tsagewar.