Karatun Ranar Asabar

Saura rabin awa a kunna kyandir na shigowar Asabar, ranar hutu a addininsu, Shulamit ta kashe na'urar karatunta ta tura cikin aljihun tebur. Gedaliya na tsaye a falon iyayenta a birnin Baltimore, da ƙunshi a hammata, yana ta gyara zaman hularsa. Ta san neman aurenta ya zo, sai ta riga shi.

"Kafin ka tambaya, saurara. Ganina raguwa yake yi, Gedaliya. A na'urar nan kaɗai nake iya karatu, don tana ƙara wa rubutu girma, ita kuwa lantarki ce, addini ya hana a taɓa ta ran Asabar. Littafin da kake ganina da shi a baranda, riƙewa kawai nake yi."

Ta sunkuyar da kai tana jiran ƙarar rufe ƙofa.

"Ai na sani," ya ce. "Asabar uku kina shafi ɗaya. Na ce ko dai shafin nan zuma ne, ko da magana."

Ya kwance ƙunshin. Littafin da take karantawa ne, ya buga shi a takarda, kowane harafi ya kai ƙwayar wake.

Ta shafa shafin. "Ranar da wannan ma ya gagare ni fa?"

"Sai in karanta miki. Muryata ba ta aiki da lantarki."

"Shulamit, kyandir!" mahaifiyarta ta ƙwala kira daga kicin.

Ta rungume takardun, idonta a kansa.

"Gani nan, Mama. Ki ƙara faranti ɗaya."