Kek Ɗin Ranar Juma'a

"Ɓoye kek ɗin nan kafin wani ya gani," in ji Bodil, shugabar nas-nas ta sashen tsofaffi, ta tare ƙofa.

Solvej ta ƙanƙame kwalin. A sashensu, duk wadda ta shigo da kek ranar Juma'a ba sai ta buɗe baki ba, kowa ya san ajiye aiki za ta yi. Bana sun ci kek har ya gundure su.

"Bodil, na gaji. Jiya na tsaya kan wata tsohuwa da allura a hannu, na rasa me na zo yi. Ɗana ma ya daina tambayar yaushe zan dawo gida."

"Wa bai gaji ba, 'yar nan? In kin tafi, wa zai juya tsoho Aksel? Ke kaɗai yake bari ki taɓa shi. Sabbin yaran nan ko jijiya ba su iya nema ba."

Ƙararrawar wani majinyaci ta fara kuka. Solvej ta dubi matar da ta koya mata aiki, matar da ba ta taɓa gani a zaune ba. Kunya ta rufe ta.

"Shi ke nan, zan zauna. Amma don ke."

Bodil ta rungume ta, ta daɗe ba ta sake ta ba, sannan ta nufi ƙararrawar.

Solvej ta buɗe firji za ta tura kwalinta. Babu wuri. Wani ƙaton kek ne ya cika shi, a kan farantin nan mai shuɗin baki da kowa ya san na Bodil ne.