Rigar da ke kan allo

Ku matso ku ji, yanzun nan aka yi shi a ginin bayan makarantarmu, ta taga muka gani!

Kun san Baba Ilarie, tsohon maginin nan mai farin gashin baki. Sati uku ke nan Injiniya Otilia tana kifa bokiti kusa da bangonsa, ta zauna da agogo da littafi, tana ta rubutu. Shi kuwa ya sa a ransa kurakuransa take tarawa don ta kore shi.

Ran Litinin ta kafa allon sababbin dokokin rage ɓarna. Kowa ya taru yana karantawa. Baba ko kallo bai yi ba. Ya tuɓe rigarsa ta sama, ya rataya a wata ƙusa a kan allon, ta rufe saman rubutun. Kullum kuma haka.

"Baba, ka karanta mana," in ji Costel mai tura baro.

"Shekara arba'in ina gini. Wadda ba ta taɓa riƙe cokalin siminti ba ce za ta koya mini?"

"Ko dai tabarau ne babu?"

"Tura baronka, ɗan nema."

Ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba, da gayya ma. Bulo a inda hannunsa zai kai. Kwaɓin siminti na awa ɗaya kacal, kar ya bushe. Gutsuren bulo ya tara su don kusurwa. Da ya lura sauran ma haka suke yi yanzu, sai ya ce kunyarsa suke ji.

Yau Juma'a Injiniya ta ce ya same ta gaban allon. Ko tuwon masararsa bai ƙarasa ba. Ya wanke cokalin simintinsa, ya soke a ɗamara.

"'Yata, ba sai kin kore ni ba. Dokarki dai ba zan bi ba, ko yau ko gobe."

"To, Baba. Ɗauki rigarka."

Ya fizge ta, har ƙusar ta fita. Costel ya toshe baki.

Can sama, inda rigar ta rufe kwana biyar, an rubuta da jan fenti, baƙaƙe manya-manya: "Yadda Baba Ilarie yake aiki. Kowa ya yi haka."