Tagar Atika

Ma'aruf ya gama ɗaure kwalin littattafansa, ya tura shi bakin ƙofar shago, sannan ya juyo ya sake duban allon kwamfutar. Ita kaɗai ce bai kashe ba. Gobe da safe motar Kaduna za ta tashi da shi daga Illela, kuma ya riga ya ce wa kansa in ya tafi ya tafi ke nan, sai fa in yayarsa Atika ta yi masa magana kafin nan.

Atika kurma ce tun haihuwa, ba ta yi boko ba. Suna yara a ƙasa take zana masa abin da ke ranta da tsinke, shi kuma ya zama kunnenta a cikin mutane. Da aure ya kai ta Ƙonni, hayin iyaka, kiran bidiyo ya gagara, don hoton na sandarewa tana tsakiyar nuni da hannu. Sai Ma'aruf, wanda rubuta manhaja ce sana'arsa, ya zauna ya gina musu tasu. Tana taɓa linzami a kwamfutar shagon mijinta, wata 'yar taga za ta buɗe a wajensa, ya riƙa ganin layin na tafiya daidai lokacin da take jan shi.

Ya ƙawata tagar nan kamar ɗakin amarya. Ya cire mata kan rubutu da maɓallin da ke fitowa a ƙasan allo, don ta zama fili fetal irin ƙasar tsakar gida. Bai sa mata ƙara ba, ina ruwan hirarsu da ƙara? Ya kuma koya mata tuna wurinta: inda ka aje ta jiya, nan za ta buɗe yau. Alluna biyu ke gabansa a lokacin, na hagu na aiki, na dama kuwa can yake jan tagar ya bar ta, ya yi ta satar kallonta yana murmushi.

Gonar mahaifinsu ta Tozai ce ta shiga tsakani. Ranar da dangi suka taru aka yanke a sayar, Atika na zaune tana bin bakin kowa da ido, tana jiran ƙanenta ya juyo ya fassara mata. Bai juyo ba. Ya san za ta ƙi, shi kuma yana son a gama. Sai da aka shafa fatiha ta gane abin da aka yi, ta tashi ta ɗauki mayafinta ta fita. Mijinta Halliru tun ranar ya daina ɗaukar wayarsa.

A makon da aka yi haka komai ya fita ran Ma'aruf. Ya rage kayan shago, ya ba Malam Attahiru na makarantar Islamiyya aron allon kwamfutarsa na dama, ya koma lungu da abin da ya saura. Bayan 'yan kwanaki ya daure ya zana mata mutum durƙushe ya aika. Ya jira har la'asar, taga ba ta buɗe ba.

Ya bi hanyar sadarwar ya duba, lafiyarta ƙalau. Manhajar ma tana aiki. Layukan da ke zana tagar kuwa bai ko buɗe su ba, ai shi ya rubuta su, kuma Ma'aruf mutum ne da zai fi saurin zargin 'yar'uwarsa da ya zargi aikin hannunsa. Ya yanke cewa Atika ta yafe shi.

Ƙonni ga ta nan, ɗan kabu-kabu zai kai ka kafin shayinka ya huce. Sau da yawa yakan taka har kusa da shingen iyaka, ya tsaya yana kallon motocin albasa na wucewa, kunya ta juyo da shi. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka yi Sallah bai ga kowa nasa ba. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai. Yakan yi wuni bai yi magana da kowa ba sai mai kawo masa fura, kwamfutar ma ta yi nauyi, fankarta na ta huci ba dalili, ya ce tsufa ne.

Yana cikin naɗe wayoyi sai ga sallamar Malam Attahiru, rungume da allo.

“Na ji an ce gobe za ka tahi. Ga kayanka na maido ma, mun gode, Allah shi saka.”

“Da kun riƙe shi, Malam. Mi zan yi da shi?”

“A'a, aro aro na. Jona shi dai ka gani gabana, kar in ba ka matacce.”

Don kada ya ƙi maganar babba, Ma'aruf ya share ƙurar teburi ta hannun dama, ya aje allon, ya soka wayarsa. Allon ya yi ƙyafta-ƙyafta, ya kawo haske.

Tagogi ne jibge a kan juna, sun cika shi har gefe, kowace ta buɗe a inda aka koya mata. Ga itacen tsamiyar gonar Tozai, ga mace tana ɗaga mutum durƙushe, ga ragon Sallah da kwano biyu, ga wata tsaye bakin shinge tana hangen hanya. A ta saman su duka kuwa, baƙin layi na tafiya a hankali, Atika na zana masa gaisuwar yau.