Furen Tsamiyar Kafinta

Ranar, gari ya waye da yayyafi. Tsohon kafinta ya tarar da maƙwabciyarsa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, tsaye a gindin tsamiyarsa. Washegari ɗanta zai ɗauke ta, ta koma wurinsa.

"Malam, ɗaukar mini hoton furannin nan in tafi da shi."

Ya ɗaga wayar da ta miƙo masa, hannunsa na rawa. Shekara talatin da shuka itacen, bai taɓa lura da ɗan jan zanen da ke jikin furen ba.

"Hoto ba ya ƙamshi, Hajiya. Ki zauna mana. A gidana, in kin amince."

Ta sunkuyar da kai, ta tallafe masa gefen wayar. "Sai yau idonka ya buɗe?"

Hoton bai fita sosai ba. Yana nan rataye a ɗakinsu.