Kira Ɗaya Daga Tsallaken Titi

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a.

Ta zo mu saurara.

To, ku matso. Peniamina direban tasi ne a ƙauyenmu na bakin teku, kan hanyar shiga Apia, nan Samowa. Peni muke ce masa. 'Yarsa ɗaya tal, Leitu, mai shekara bakwai, kuma ba abin da yake taƙama da shi kamar tarbiyyarta. Kun dai san mu: in babba ya kira yaro, ko loma ce a hannunsa, ajiyewa yake ya taho a guje. To, Leitu ta fi kowa.

"Sau ɗaya nake kiranta," haka yake faɗa wa maza in an fito daga coci. "Ku kuwa naku sai kun yi ta ihu kamar masu kiran aladu."

Makarantar su Leitu a bakin babban titi take. A ƙofarta akwai farin zanen tsallakawa, inda Inna Telesia, tsohuwar malama da ta yi ritaya, take tsayawa da jan allonta na tsayar da motoci tana tsallakar da yara. Shi kuwa Peni ba ya zuwa wurin. Can tsallake yake fakawa, ƙarƙashin wani mangwaro, saboda inuwa. Leitu ta bi layi, a tsallakar da ita, sannan ta gangara ta same shi.

"Peni, ƙafafun nan naka na ado ne?" in ji Inna Telesia wata rana. "Taku talatin ne fa. Sauko ka riƙe hannun 'yarka."

"Haba Inna, ke da allon nan kamar an ba ki ƙasar gaba ɗaya!"

"Yi dariyarka. Ni na koya maka ƙirga, har yau ban ga alamar ya zauna ba. Faka inda ka ga dama, amma ka ji ni da kyau: kada ka kuskura ka kira yarinyar nan daga can."

"Na ji, ranki ya daɗe," ya ce, yana dariya.

Ana nan sai Lahadin Yara ta matso, ranar da yara ke sa fararen kaya su tsaya gaban coci su yi karatu, a gida kuma su ne farkon cin abinci. Sati uku Leitu tana haddar ayarta. Uwarta, Taimane, ta kai ɗinkin farar riga mai leshi a wuya, kullum yarinyar sai ta tambaya ko an gama.

Ranar Juma'a Peni ya karɓo rigar daga wurin tela, ya zo ya faka ƙarƙashin mangwaronsa. An tashi yara. Wata bas ta katako ta tsaya kusa da ƙofar makaranta tana ɗibar fasinja. Ya hango Leitu a layi, tana riƙe da gefen zanin Inna Telesia. Murna ta cika shi, ya kasa haƙurin minti biyu. Ya zaro rigar ta taga, ya ɗaga ta sama yana kaɗawa.

"Leitu!"

Sau ɗaya.

"Na'am, Baba!"

Ta saki zanin. Ba ta bi ta kan farin zanen ba, don hanyar da ta fi kusa da ubanta ta gaban bas take. Inna Telesia ta kai hannu, iska ta kama.

A daidai lokacin Iakopo, wani manomi daga ƙauyen gaba, ya taho da a-kori-kura cike da gwaza, yana sauri kada kasuwa ta tashi. Ya ga allon da ke cewa a rage gudu akwai makaranta, ya ga bas a tsaye, amma bai ɗaga ƙafa ba. Ya karkata zai wuce bas ɗin, yarinya ta fito.

Gwaza ya watsu a titi har bakin kwata. Peni ya iso da rigar a hannunsa, bai ma san yana riƙe da ita ba. Kafin a kai Leitu asibiti rai ya yi halinsa.

A cikin rigar aka binne ta, a ƙofar gida, kamar yadda muke binne namu.

Bayan kwana biyu, da sassafe, dangin Iakopo suka zo neman gafara. Suka zauna a ƙasa a gaban gidan, Iakopo da manyansa suka lulluɓe kawunansu da tabarmar girma, ba mai tashi sai an yafe. Rana ta ɗaga, tana dukansu. Can Peni ya fito, ya yaye tabarmar da hannunsa.

"Tashi, ɗan'uwa," ya ce. "Kai ka buge ta. Amma ni na kira ta."

Jama'a, yaro ba ya ganin mota in ya ji muryar iyayensa. Kada ku taɓa kiran ɗa daga tsallaken titi. Ku sauka, ku tsallaka, ku riƙe hannunsa. Ku kuma direbobi, in kun ga makaranta ko bas a tsaye, ku rage gudu, akwai yaron da ba ku gani ba.

Iakopo ya yi zaman gidan yari, ya fito, bai sake riƙe sitiyari ba. Taimane ta koma gidan iyayenta a tsibirin Savai'i. Inna Telesia ta ajiye allonta, ta ce hannunta ya daina ɗaguwa. Peni ne ya ɗauka. Yana nan a ƙofar makarantar safe da rana, yana tsallakar da 'ya'yan mutane, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake jin ya ɗaga murya ya kira sunan yaro.